Yaran Jimeta na tafiya Turai, masu rainonsu na tashi a tutar babu

Da Babbar Sallar da ta wuce na je gida Jimeta. Kwana biyu da sauka, bayan la'asar, na taka zuwa filin da muka buga ƙwallo muna yara, can bayan unguwarmu. Rairayi da ƙurar suna nan yadda na bar su, sai dai gine-gine sun cinye kusan rabin filin. Kocinmu ma yana nan. Gemu ya yi fari fat, amma usur na rataye a wuyansa kamar jiya. Bayan mun gaisa, ya tambayi mutanen Agege da zafin Legas, sai ya ciro waya ya nuna mini hoton wani matashi sanye da rigar wata ƙungiya ta ƙasar waje, yana tsaye a kan ciyawa kore shar.

Ya ce, "Alhaji, ka gane wannan?" Na ce a'a, Koci. Ya ce, "Shekara shida yana hannuna, tun yana ɗan sha biyu. Takalminsa na farko ni na saya masa a gwanjon kasuwar Jimeta." Na ce to, ma sha Allah, ai ka warke, me aka ba ka da ya sa hannu? Ya yi dariya har da buga ƙafa. "Riga ɗaya ya aiko mini. Allah ya yi masa albarka."

Ni ban ga laifin yaron ba, kuma ba maganar butulci na zo yi ba. Kuɗin da nake nufi ba daga aljihun yaro suke fitowa ba. Kuɗi ne da dokar FIFA ta ɗora wa ƙungiyar da ta ɗauke shi, ta ce ta biya waɗanda suka raine shi. Koci bai taɓa jin labarinsu ba. Ko da ya ji, ba shi da takarda ko guda da za ta nuna yaron ya taɓa taka filinsa.

Dalilin da ya sa na kawo maganar nan, maimakon in bar ta a majalisar Jimeta, shi ne hanyar da yaron ya bi. Daga tashar Jambutu aka sa shi a mota, a Agege ya sauka, a ɗakin wani ɗan uwanmu ya kwana wata da watanni, kuma wani daga cikinmu ne ya haɗa shi da ejan. Duk wanda ya daɗe a Agege, ko Mile 12, ko Idi-Araba, ko Sabon Ibadan da na Shagamu, ko Fatakwal, ya taɓa karɓar irin wannan baƙo: yaro da jaka ɗaya, takalmin ƙwallo ɗaure a hannun jakar, da lambar wayar wani "manaja". Mu ne zauren da ake bi a fita. Saboda haka asarar da ake yi a gida, da hannunmu a ciki, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Abin da ya sa hirar Koci ta tsaya mini a rai shi ne wani abu da ɗana ya koya mini. Yaran yanzu ba Firimiyar Ingila kaɗai suke bi ba. Nawa ya kamu da ƙwallon Amurka, wannan mai kama da zari-ruga da ake sa hular kwano, gasar da ake kira NFL. Ba shi kaɗai ba ne, don gasar da kanta ta zo Legas a 2024 ta yi sansanin neman yara, kuma Osi Umenyiora, tsohon ɗan wasanta ɗan asalin Najeriya, ya daɗe yana wannan aiki. Wata rana cikin watan Maris na ji yaron yana murna wai ƙungiyarsa ta yi asarar 'yan wasa uku. Na ce kai, lafiyarka? Wa yake murna da asara? Ya ce, "Baba, ai za a biya su diyya." Daga nan na zauna na bi abin daki-daki, kuma wallahi na sha mamaki.

Ga yadda abin yake. A NFL ba a sayen matashi da kuɗi daga wata makaranta yadda muka saba a tamaula. Ƙungiyoyi 32 ne, kuma duk shekara a ƙarshen Afrilu suna zama su raba sababbin 'yan wasan da suka fito daga jami'o'i, bi da bi, zagaye bakwai. Wadda ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa, zakara ita ce ta ƙarshe. Kowane gurbin zaɓe dukiya ne, domin yaron da ka zaɓa zai yi maka shekara huɗu a kan albashin da aka riga aka ƙayyade, mai rahusa idan aka kwatanta da na manya.

To idan shekara huɗun ta cika, ɗan wasa ya zama mai 'yancin kansa, wata ƙungiya ta zuba masa kuɗi ya tafi fa? Tun 1994 suka fito da abin da zan kira zaɓen diyya. Ana duba 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare suka bar ka, a duba irinsu da kai ma ka ɗauko daga wasu. Idan waɗanda suka tafi sun fi waɗanda suka zo, sai a ba ka ƙarin gurbin zaɓe a shekara mai zuwa, tsakanin ƙarshen zagaye na uku da na bakwai. Guda 32 ake rabawa a shekara, kuma ƙungiya ɗaya ba ta wuce huɗu. Darajar gurbin ta danganta ne da albashin da ɗan wasan ya samu a sabon gidansa, da yawan wasan da ya buga, da lambobin yabon da ya ci. Tun 2017 ma an yarda a yi cinikin waɗannan gurabe kamar kowace haja. Kada ku raina su: Tom Brady, wanda ya ci kofin gasar sau bakwai, da gurbin diyya aka ɗauke shi a 2000, shi ne na 199 a layi.

Amma ba dokar ce ta burge ni ba, yadda ƙungiyoyi ke ɗinka kwantiragi a kanta ne. Akwai sharaɗi guda da komai ya rataya a kansa: ɗan wasan da ka kora da hannunka ba ya kawo maka diyya, sai wanda wa'adinsa ya cika ya tafi. Saboda haka tun ranar sa hannu manajoji ke tunanin ranar rabuwa. A 2014 New England Patriots ta ɗauki Darrelle Revis a kan shekara biyu, amma shekara ta biyun zaɓi ce a hannun ƙungiya, an kuma ɗora mata dala miliyan 20, kuɗin da kowa ya san da wuya a biya. Ya yi musu kaka guda, suka ci kofi, suka ce ba su ɗauki shekara ta biyu ba. A takarda ba korarsa aka yi ba, kwantiragi ne ya ƙare. Ya koma New York Jets, Patriots ta karɓi gurbin diyya a zagaye na uku a 2016. Ta ci moriyarsa, ta kuma ci moriyar tafiyarsa. Irin wannan dabara ta yi yawa har yarjejeniyar 2020 tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa ta toshe wasu ƙofofinta.

Sauran dabarun duk na lissafin lokaci ne. Ɗan wasan da wata ƙungiya ta kora, idan ka ɗauke shi ba ya rage maka diyya, don haka masu wayo sun fi son korarre a kan wanda wa'adinsa ya cika. Akwai kuma rana, jim kaɗan bayan zaman rabon Afrilu, wadda duk wanda aka ɗauka bayanta ba ya shiga lissafi. Sai ka ga ƙungiya na buƙatar mutum tun Maris, amma ta naɗe hannu sai ranar ta wuce. A 2019 Philadelphia Eagles ta ɗauki L.J. Fort a kan shekara uku, ta sallame shi bayan wasa huɗu kacal, kuma masu bin lissafin sun danganta hakan da ceto gurbin diyyar da zamansa zai cinye mata. Baltimore Ravens ce ta kwashe shi. Ita Ravens ɗin ma ita ce uwar wannan sana'a, babu wadda ta kai ta tara guraben diyya tun da aka fara. Ta raini yaro, ta more shi shekara huɗu da araha, idan farashinsa ya tashi ta yi masa fatan alheri, ta karɓi gurbi ta ɗauko wani.

Ba wai tsarin ya kwanta mini ɗari bisa ɗari ba. Na masu ƙungiya ne, ba na 'yan wasa ba. Mutumin da aka bari yana zaman jira daga Maris zuwa Mayu don kada ya ɓata wa wani lissafi, farashinsa faɗuwa yake yi, kuma shi ma yana da iyali. Amma abu ɗaya ba za ka ƙwace musu ba: ba sa ɗaukar tafiyar ɗan wasa a matsayin ƙaddarar da ta faɗo daga sama. Sun san zai tafi, sun kuma shirya abin da zai bari.

Mu a tamaula ba mu da zaman rabo, kuma ba za mu taɓa yi ba, don kasuwarmu duniya ce gaba ɗaya. Tun hukuncin Bosman na Disambar 1995 ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare a Turai yake tafiya ba a biya ko sisi ba. Abin da FIFA ta kafa daga baya don kada masu raino su tashi hannu rabbana iri biyu ne, kuma su ne zaɓen diyyarmu. Duk Bafulatanin Adamawa zai gane su nan take, don ko a ruga wanda aka ba kiwon saniya ba ya rasa rabo a 'ya'yanta.

Na farko shi ne kuɗin raino. Ana lissafa shekarun horo daga 12 zuwa 21, kuma ana biya ne ranar da yaro ya fara sa hannu a matsayin ƙwararre, da kuma duk lokacin da ya sauya ƙasa har zuwa ƙarshen shekarar da ya cika 23. A sa hannun farko, duk ƙungiyar da ta riƙe shi tun yana 12 tana da rabo. Abin daɗin shi ne ba da tsadar horo a Jimeta ake lissafi ba, da tsadar horo a ƙungiyar da ta ɗauke shi ake yi. A Turai an kasa ƙungiyoyi aji huɗu: yuro 90,000 a shekara, 60,000, 30,000, da 10,000. Shekarun 12 zuwa 15 kuwa da farashin ajin ƙarshe ake biyansu. Mu ɗauki yaron Koci. Shekara huɗun farko, yuro 40,000. Shekarun 16 da 17, idan ƙungiya mai aji na biyu ce ta ɗauke shi kai tsaye, yuro 120,000. Jimla 160,000. Ko mai aji na uku ce, 100,000 ne. Ku buga wannan da canjin yau, sannan ku tuna da riga ɗaya.

Na biyu shi ne kason da ake cirewa daga kuɗin ciniki. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka riƙe shi tsakanin shekara 12 da 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da rubu'in kashi ɗaya, daga 16 zuwa 23 kuma rabin kashi ɗaya. Wannan ba ya ƙarewa da shekara 23, yana bin ɗan wasa har ya yi ritaya. Lokacin da Napoli ta sayi Victor Osimhen daga Lille a 2020 a kan kusan yuro miliyan 70, a lissafin doka shekara ɗaya tak ta riƙonsa yana ɗan 16 ta kai yuro 350,000. A canjin 2025 wannan ya haura naira miliyan 500. Kyautar da aka sa wa zakaran Firimiyar Najeriya a kakar 2024/25 naira miliyan 200 ce. Kun ji fa: shekara ɗaya ta yaro ɗaya a littafin rajista ta fi kofin ƙasa gaba ɗaya.

Idan Osimhen ya yi nisa, ga namu na gida. Ahmed Musa daga makarantar GBS ta Jos ya fito, aro aka ba Kano Pillars shi, ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/10, sannan ya tafi VVV-Venlo ta Holan a 2010 bayan ya cika 18. Da Leicester ta saye shi daga CSKA Moscow a 2016 a kan sama da fam miliyan 16, shekarar da ya yi a Pillars ita kaɗai, a lissafin doka, ta kai wajen fam 80,000. Abin lura a labarinsa shi ne tun farko an san wa ke da shi, an san wa aka ba aro, an san yaushe. Takarda ce ta yi magana.

To a nan ne gizo ke saƙa a Yola da Jimeta. Tun Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe wani ofishin biyan kuɗi a Paris, wanda ta nan waɗannan haƙƙoƙi ke bi. Da zarar yaro ya sa hannu a waje, kwamfuta ce ke haɗa tarihinsa daga rajistar da hukumar ƙwallon ƙasarsa ta shigar: daga shekara kaza zuwa kaza yana ƙungiya kaza. Wanda sunansa ya fito a wannan fasfo na ɗan wasa shi ake nema, a tantance shi, a tura kuɗi asusun banki mai sunan ƙungiyar. Ba a biyan mutum, ƙungiya ake biya, kuma sai mai rajista da hukuma. Koci ba shi da rajista, ba shi da asusu, sunan ƙungiyarsa a bayan riguna kawai yake. A idon wannan kwamfuta, shekara shidan da ya yi yana fama da yaron a rana ba su faru ba. Fili ne fari, kuma fili fari ba ya daɗewa a Legas. Makarantar da yaro ya yi wata shida a cikinta, in dai tana da rajista da mai iya kwamfuta, ita za ta fito a matsayin uwa da uba.

Akwai kuma wata ɓarna da muke yi da hannunmu muna ganin gata ce, wato yanke shekaru. Yaro ya iso Agege yana 18, ejan ya ce Turawa ba sa son tsoho, a rage uku. Sai a je a yi sabuwar takardar haihuwa, wani lokaci ma mu ne masu rakiya. Ku duba abin da hakan ke yi wa lissafi. Shekarun da ya yi a Jimeta, 12 zuwa 17, sun koma 9 zuwa 14 a takarda. Ƙasa da 12 ba a biya. Ko da Koci na da rajista, abin da ya rage masa shekara uku ne na farashin ƙasa, yuro 30,000 maimakon 160,000. Sannan tunda doka ta hana fitar da yaro ƙasar waje kafin 18, sai ya zauna shekara uku a makarantar ejan yana jiran takardarsa ta girma, kuma waɗannan shekaru masu tsada, na 16 da 17, su faɗa hannun wanda ya ba da shawarar yankewar. Ni dai tun da na gane wannan na daina ɗaukar shawarar a matsayin taimako.

Su ma ejan da ƙananan ƙungiyoyin Turai suna da nasu dabarun lokaci, irin na Amurkawa. Doka ta ce ba a biyan kuɗin raino idan ƙungiya mai aji na huɗu ce ta ɗauki yaro. Sai a fara ajiye shi a wata 'yar ƙaramar ƙungiya ya sa hannun farko a can, bayan ɗan lokaci a wuce da shi inda aka nufa tun asali. FIFA ta haramta wannan gada a 2020, ta ce duk yaron da aka sauya wa ƙungiya sau biyu cikin mako 16 za a ɗauka wayo ne sai an kawo hujja. Wata dabarar kuma ta fi sauƙi: a kawo wa mai raino takarda da Turanci, a ce sa hannu nan don yaronka ya samu tafiya, a ba shi ɗan abin shan ruwa. Takardar yafe haƙƙi ce.

A nan dole in yi adalci. Wani lokaci kuɗin rainon kansa ne ke hana yaro tafiya. Ƙaramar ƙungiya a gabashin Turai ba za ta zuba yuro 100,000 a kan yaron da ba ta gwada ba, sai ta ce ko a yafe ko ta fasa. Babu kocin da zai so a ce shi ya tare wa ɗan talaka hanya, kuma iyayen yaron ba za su bar shi ya yi barci ba. Yafewa ba laifi ba ce. Yafewa a banza ita ce laifi. Masu wayo cewa suke yi mun yafe na yau, amma a rubuta mana kashi 10 ko 15 na cinikinsa na gaba. Wannan ita ce dabarar Ravens da harshenmu: ka bar shi ya tafi, ka riƙe abin da tafiyar za ta haifa. Kuma tun Mayun 2015 doka ta hana ejan ko wani attajiri mallakar kaso a cinikin ɗan wasa, amma ƙungiyar da ta taɓa yi masa rajista tana da wannan dama. Ga ƙofa a buɗe, mu ne ba mu da makulli.

Sai babbar ƙungiyar jiha. Adamawa United ta hau Firimiya a 2019. Kakar farko annobar korona ta tsayar da ita a Maris 2020 tana can ƙasan tebur, aka ce ba wanda zai faɗi. A 2021 ta faɗi tare da Jigawa Golden Stars da Warri Wolves da FC Ifeanyi Ubah. Akwai lokacin da wasanninta na gida ma a filin Pantami na Gombe take buga su. Mu na Legas ba za mu manta da Fabrairun 2021 ba, lokacin da 'yan bindiga suka tare motar 'yan wasan a hanyar Benin zuwa Ore suna tahowa wasa da MFM, suka yi awon gaba da direba, sai daga baya aka sako shi. Yaran nan sun sha wuya, kuma duk wanda zai yi maganarsu ya fara da wannan.

Amma tambayar da nake so a yi ba ta kofi ba ce. Ƙungiya irin wannan, ko tana sama ko tana ƙasa, matasa 'yan 18 zuwa 23 ne ke ratsa ta duk shekara, kuma kowace shekara tasu rabin kashi ɗaya ce na duk cinikin da za a yi da su a waje har abada. Wa ke riƙe da jerin sunayensu? Wa ke bin inda suka ƙare? Ba Adamawa kaɗai ba, Kano Pillars, Katsina United, Wikki Tourists, Gombe United, El-Kanemi Warriors, Niger Tornadoes, duk na gwamnatocin jihohi ne, kuma ciwon iri ɗaya ne. Shugaban da aka naɗa bai san ko zai kai baɗi ba, to me zai sa ya damu da kuɗin da za su shigo bayan shekara biyar? Shi ya sa kwantiragin kaka ɗaya ya zama ruwan dare, alhali doka ta yarda a yi har shekara biyar, ko uku ga wanda bai kai 18 ba. Ɗan wasa kuwa yana da ikon sa hannu da wata ƙungiya idan saura wata shida wa'adinsa ya cika. Ka ga mai kwantiragin shekara ɗaya, kafin a yi nisa da kaka ya riga ya zama na kowa. Ko an yi doguwar yarjejeniya ma, dokar FIFA ta ce wanda aka riƙe wa albashin wata biyu, ya ba da wa'adin kwana 15 a rubuce ba a biya ba, yana iya tafiyarsa. Bashin albashi kuwa ba baƙo ba ne a ƙwallon ƙasar nan. Wato jinkirin fitar da kuɗi daga ma'aikata na iya zubar da ɗan wasan miliyoyi a ƙasa.

'Yan uwanmu na Sabon Shagamu ba sa buƙatar a ba su labarin ɗaya hanyar, tana maƙwabtansu a Ikenne. Remo Stars ta Kunle Soname tana da makarantarta, Beyond Limits, kuma mai ita yana da hannu a Feirense ta Fotugal. Yaro ya shiga yana ƙarami, a yi masa rajista, a ɗaure shi da kwantiragi, a san ƙofar da zai fita. A kakar 2024/25 suka ci Firimiya karo na farko. Ba cewa nake yi yaran Ikenne sun fi na Luggere ko Doubeli ko Wuro Hausa ƙafa ba, haba. Wanda ya taɓa tsayawa kallon gasar unguwanni a Jimeta ya san ba haka ba ne. Su dai sun ɗauki magatakarda da muhimmanci yadda suka ɗauki koci.

Idan da Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ko hukumar ƙwallon jiha za su ji ta bakina, ba sabuwar mota zan roƙa ba. Tebur ɗaya zan roƙa a Yola, da kwamfuta, da mutum ɗaya wanda ba a sauya shi idan an sauya shugaba, aikinsa kawai ya yi wa ƙananan ƙungiyoyin unguwa rajista da araha, ya shigar da kowane yaro da shekarunsa na gaskiya, ya kuma riƙa bin sawun waɗanda suka fita. Albashinsa na shekara goma bai kai kason yaro ɗaya da ya dace ba. Mu kuma da ke nan kudu, kafin mu miƙa yaro ga ejan, ba ma rasa tambaya uku: wa ya raine shi a gida, an rubuta, kuma wace takarda za a sa iyayensa su sa wa hannu? Sarakunan Hausawa da shugabannin matasa na unguwanninmu suna sasanta rigimar kasuwa da ta aure kullum. Karanta kwantiragin shafi huɗu bai fi ƙarfinsu ba, kuma a cikinmu akwai lauyoyi.

Kafin in baro Jimeta na koma wajen Koci da littafin rubutu mai layi. Muka zauna a kan benci muka rubuta sunan duk yaron da ke filin, da ranar haihuwarsa yadda uwarsa ta sani, da shekarar da ya fara zuwa. Wasu sai da aka aika gida aka tambayo. Ya yi alkawarin zai je ofishin hukumar ƙwallo ya ji abin da rajista za ta ci, ni kuma na ce kuɗin a wuyana, tare da wasu 'yan unguwa biyu da ke Mile 12. Yaron da ke waje ya riga ya wuce, wannan sai haƙuri.

Makon jiya wani yayana ya kira ni daga gida. Ya ce ɗansa na biyu, mai buga gefen hagu, wani ya gan shi a wasa ya ce a turo shi Legas, har ya ce zai biya kuɗin mota. Na ce, "Hamma, ɗaki na nan, abinci na nan. Amma kada ka kai shi Jambutu sai katinsa ya fito da sunan ƙungiyar Koci." Ya yi shiru, sannan ya ce mutumin fa ya ce kada a wuce ƙarshen wata. Na ce ya ba ni lambarsa. Na kira sau biyu, har yanzu bai ɗauka ba.